'Yata na son haɗa digirin farko da na biyu a Amurka don aikin kula da harkokin ɗalibai, ku ba ni shawara

Abban_Yara_Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san karatun Amurka. 'Yata tana shekara ta uku a wata jami'a a can, tana karanta ilimin zamantakewar al'umma. Da tallafin karatu ta tafi, shi ya ɗauke mana kaso mafi yawa na kuɗin makaranta. Tun bara suka ba ta aikin kula da hawa ɗaya a ginin kwanan ɗalibai mata, abin da suke kira RA, a madadin haka ba ta biyan kuɗin ɗaki. To yanzu ta zo min da maganar wani tsari wai shi 4+1. A wannan zangon za ta nema, in an ɗauke ta, a shekararta ta huɗu za ta fara wasu darussan digiri na biyu a lissafa mata su a digirin biyu duka, sai ta ƙara shekara ɗaya ta fito da mastas a fannin kula da harkokin ɗalibai. Shekara biyar ke nan maimakon shida. Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko, wannan aiki ne da har mutum zai yi mastas a kansa? Mu a nan abin da muka san ofishin harkokin ɗalibai da shi shi ne rabon gado a hostel da liƙa sunayen masu tafiya bautar ƙasa. Na biyu, in ta gama a ina za ta ci abinci da shi? Mahaifiyarta ta fi son ta koma ɓangaren lafiya. Allah ya saka da alheri.

Danladi_Tech: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ni da 'yata ce, kwamfuta ko aikin jinya zan ce ta kama. Su ne ake nema ko'ina a duniya. Wannan ban ga kasuwarsa ba.

Malama_Ohio: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Aikin da nake yi ke nan a nan, don haka bari in ɗan yi bayani. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, sana'a ce mai zaman kanta, kuma tsohuwa. Ƙungiyoyin ma'aikatanta guda biyu, NASPA da ACPA, kowace ta kai shekara ɗari da kafuwa, ACPA a 1924 aka kafa ta. A 1937 Majalisar Ilimi ta Amurka ta fitar da takardar da har yau ake koyar da ita a zangon farko na wannan mastas ɗin, wadda ta ce aikin jami'a bai tsaya a kan kwanyar ɗalibi ba, ya haɗa da lafiyarsa da tarbiyyarsa da zamansa da mutane da yadda zai samu abin yi.

Ofisoshin da ke ƙarƙashin wannan sashe suna da yawa: gidajen kwana, tarbar sababbin ɗalibai, ba da shawara kan zaɓen darussa, ladabtarwa, ƙungiyoyin ɗalibai, masu buƙata ta musamman, ɗaliban ƙasashen waje, da ofishin nema wa ɗalibai aiki. A manyan jami'o'i wanda ke shugabantar su mataimakin shugaban jami'a ne. Mafi yawan guraben, ko na matakin farko, mastas suke nema ko su fifita mai shi. Jami'o'i irin su Indiana da Michigan State da Bowling Green da Vermont sun yi suna a koyar da shi. Ba wani abu ne 'yarka ta ƙirƙiro ba.

Abban_Yara_Gwale: Na gode Malama. To shi tsarin 4+1 ɗin fa? Kin ga dacewarsa?

Malama_Ohio: A nan ne nake da ja. Lissafin haka yake: digirin farko galibi kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darussa), mastas ɗinmu kuma yakan kama daga 36 zuwa 48, a shekara biyu. A tsarin haɗakar, ana barin ɗalibi mai maki mai kyau, yawanci daga 3.0 cikin 4 zuwa sama, ya ɗauki kiredit 9 zuwa 12 na mastas tun yana aji huɗu. Sau da yawa a yafe masa jarrabawar GRE ta neman shiga digiri na biyu da kuɗin fom. A takarda ya yi kyau ƙwarai.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa yara ba. A fanninmu, da yawan masu yin mastas na shekara biyu ba daga aljihunsu suke biya ba. Ana ɗaukar su aikin mataimaki na awa 20 a mako a ɗaya daga ofisoshin nan, a yafe musu kuɗin makaranta duka ko wani kaso, a riƙa ba su alawus, wanda ke gidajen kwana ma har ɗaki da abinci. Wasu jami'o'in ba sa ɗaukar ka karatun sai ka samu wannan gurbin. To in shekara ta biyar ta 'yarka ba ta zo da irin wannan gurbi ba, za ku biya kuɗin shekara guda cur daga aljihu, alhali ga inda za ta yi shekara biyu kusan kyauta. Wani lokaci sauri kan haifi nawa. Kafin komai a tambaya: wa zai biya shekara ta biyar?

Sadiq_4plus1: Anti Malama, da girmamawa, ni na bi irin wannan tsarin, duk da a fannin tafiyar da harkokin gwamnati na yi, kuma ban yi da-na-sani ba. Ba ki lissafa albashin shekara ɗayan da mutum zai fara karɓa da wuri ba. Alawus ɗin da kike magana a kai a wasu garuruwan da ƙyar yake biyan haya. Sannan akwai kwanciyar hankali: ka san malamanka, ka san gari, ka san masallacinka da inda ake sayar da naman halal, ba sai ka sake tattara kaya zuwa wata jiha ba. Ga 'ya mace ita kaɗai a ƙasar mutane wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malama_Ohio: Sadiq, maganarka ta kwanciyar hankali na karɓe ta. Sai dai fanninka da namu sun bambanta. Mu a wajen ɗaukar aiki ba a cika duba darussan da ka ci ba, abin da aka fi tambaya shi ne me ka riƙe da hannunka. Wanda ya yi shekara biyu yana da shekara biyu na aikin ofis, ga kuma hutun bazara na tsakiya da yawancinsu ke tafiya wata jami'a koyon aiki ta hanyar ƙungiyoyi irin su ACUHO-I ta masu gidajen kwana da NODA ta masu tarbar sababbin ɗalibai. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke yawan ce wa yara su canza makaranta a mastas, don su ga yadda wata jami'ar ke tafiyar da abubuwanta. Akwai kuma wata matsala da na gani da idona: yarinya ta gama digiri a watan Mayu, a Agusta an ɗora ta a kan RA ɗin da jiya-jiya suke cin abinci tare. Ranar da ƙawarta ta yi fashin aiki, hannunta na rawa ta rubuta mata takardar gargaɗi.

Dan_Registry: Ranka ya daɗe Alhaji, ni ma'aikacin gudanarwa ne a wata jami'ar tarayya a Arewa, zan taɓa tambayarka ta biyu. A tsarinmu Din na harkokin ɗalibai malami ne, sau da yawa farfesa, ana naɗa shi na wa'adi, ya gama ya koma sashensa. Mai yiwuwa masanin ilimin sinadarai ne ko na tarihi. Mu ma'aikatan ofis kuma daga rajistara ake turo mu, tsaninmu daga jami'in gudanarwa ne zuwa mataimakin magatakarda, babba, har zuwa muƙaddashin magatakarda. Yau kana harkokin ɗalibai, gobe a mayar da kai ofishin jarrabawa ko na ɗaukar ma'aikata. Ma'ana, babu wani tsani na musamman da ke jiran mai wannan digiri. In ta dawo za ta shiga ne kamar kowane mai mastas. Inda na ga ƙofa a buɗe shi ne jami'o'i masu zaman kansu, musamman masu bin salon Amurka irin ta Yola, domin su kusan duk ɗalibansu a cikin makaranta suke kwana kuma iyaye na biyan kuɗi mai yawa, dole su kula.

Hajjo_Zazzau: Malam Dan_Registry, ai abin da ka faɗa shi ne hujjar cewa muna buƙatar irin su. Ƙanwata a ajinta na farko su takwas ne a ɗakin mutum huɗu. Wata daga cikinsu ta daina fita lacca, ta daina cin abinci, kullum tana lulluɓe tana kuka, kusan wata guda babu wani babba da ya sani sai da 'yan ɗakin suka kira mahaifiyarta. Wa aka horar ya lura da irin wannan? Mai gadin ƙofa? Muna tura yara 'yan shekara 17 cikin dubban mutane, mu ce Allah ya tsare, shi ke nan.

Dan_Registry: Hajiya ban musa ba. Akwai cibiyoyin ba da shawara a jami'o'inmu da dama, kuma akwai masu digirin jagoranci da nasiha da ke ƙoƙari a ciki, sai dai ma'aikatan ba su taka kara sun karya ba in ka kwatanta da yawan ɗalibai. Buƙata daban, gurbin aiki da albashi daban. Uba kuma gurbin yake tambaya.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum. Mu a Nijar abin ya ma fi rabuwa. Kwana da abinci da motocin ɗaukar ɗalibai ba hannun jami'a suke ba kai tsaye, wata hukuma ce ake kira CROU, irin tsarin Faransa, kuɗin burs kuma, wato tallafin karatu, hukumar ANAB ke kula da shi. Shi ya sa in ka ji ɗalibai sun fito a Yamai ko Damagaram, sau da yawa a kan abinci ne ko jinkirin burs. Karatunmu kuma tsarin LMD ne, lisans shekara uku, masta shekara biyu. Biyar ɗin da Amurkawa ke kira gajeriyar hanya mu ita ce hanyar kowa.

Lauya_Bashir: Tunda an taɓo ladabtarwa, bari in nuna wa Alhaji dalilin da ya sa ake koyar da doka a wannan mastas. A da jami'o'in Amurka matsayin uba suke ɗauka, su kori ɗalibi yadda suka ga dama. A 1960 wata kwalejin gwamnati a jihar Alabama ta kori ɗalibai baƙaƙen fata saboda zaman dirshan da suka yi na adawa da wariyar launin fata. A 1961, a shari'ar Dixon, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma saurare shi. Mu ma muna da tamu: shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, bayan an kori ɗalibai kan tarzomar 1983. Kotu ta soke korar, daga cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Duk wanda zai zauna a kwamitin ladabtar da ɗalibai ya kamata ya san waɗannan biyun. Da yawa ba su sani ba, shi ya sa jami'o'i ke shan kaye a kotu.

Danladi_Tech: Duk wannan tarihi ne mai kyau, amma har yanzu ba wanda ya ce albashin ya kai na injiniya.

Malama_Ohio: Bai kai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Albashin farko ƙarami ne in aka duba cewa mastas ake nema, kuma mutane da yawa kan bar aikin a shekarun farko saboda gajiya. Wanda ke gidajen kwana a cikin ginin yake zaune, akwai makon da wayar gaggawa ke hannunsa dare da rana. Ƙarfe uku na dare a buga maka cewa ga ɗalibi a yashe a banɗaki ya sha ya fita hayyacinsa, ka kira motar asibiti, ka tsaya har a tafi da shi, ka rubuta rahoto, ƙarfe tara kuma kana taro. Wanda ya shigo don kuɗi ba ya daɗewa.

Ummu_Sumayya: To ni nan ne hankalina bai kwanta ba. 'Ya mace Musulma, ba aure, tana fita tsakar dare tana fama da mashaya? Alhaji a duba wannan da kyau. Ba komai ne karatu ba.

Zainab_ISS: Anti Ummu Sumayya, damuwarki a kan hanya take, amma ba duk aikin ne gidajen kwana ba. Ni a ofishin ɗaliban ƙasashen waje nake, takwas zuwa biyar, da hijabina. Kuma zamanmu a waɗannan ofisoshi yana da amfani ga yaranmu. A makarantarmu ɗakin cin abinci kan rufe kafin a sha ruwa in azumi ya faɗo lokacin dogon yini, yara sun biya kuɗin abinci amma ba sa samu. Sai da wata ma'aikaciya Musulma ta zauna da masu kicin aka fara haɗa musu kwalin sahur da buɗa-baki. Ɗakin salla ma ta hannun wannan sashe aka samu. Jami'ar Georgetown tun 1999 ta ɗauki limami na cikakken lokaci don ɗalibanta. Irin waɗannan abubuwa sai da wani a ciki da ya san zafin abin.

Alhaji, ga ɓangaren takardu, tunda na fahimci da bizar ɗalibai ta F-1 take. Bayan kowane matakin digiri ana ba ɗalibi izinin aiki na wata 12, wato OPT. In ta zarce mastas kai tsaye, na digirin farko ya wuce ke nan, ba a tara su. Ƙarin wata 24 da kake ji ana ba wasu na fannonin kimiyya da fasaha ne, wannan mastas ɗin ba ya ciki. Abu mai daɗi shi ne jami'o'i ba sa shiga ƙuri'ar bizar aiki ta H-1B da kamfanoni ke shiga. Abu mara daɗi, da yawansu ba sa ɗaukar nauyin biza don ƙananan guraben ofis, sukan rubuta haka ƙarara a tallar aikin. Sannan za a sake mata takardar I-20, wadda makaranta ke ba mai bizar ɗalibai, zuwa matakin mastas, a nemi shaidar kuɗin shekarar. Ta je ofishinmu na makarantarsu ta zauna da jami'in kafin ta sa hannu a komai.

Baba_Nima_Accra: Gaisuwa ga kowa. Mu a Jami'ar Ghana da ke Legon tsarin hol ne, wato gidajen kwanan ɗalibai, Commonwealth, Akuafo, Volta, Mensah Sarbah, kowane da shugabansa da babban mai kula da ɗalibai, kuma malamai ne. Yaro ya fi alfahari da hol ɗinsa fiye da sashen karatunsa. Ina nufin kowace ƙasa da yadda ta gaji abin, mu na Ingila muka gada. Yarinya in za ta dawo gida ta san cewa abin da ta koyo sai ta yi masa kwaskwarima.

Abban_Yara_Gwale: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi waya da ita daren jiya na karanta mata abin da kuka rubuta. Ga abin da ta ce: tallafin da take kai na zango takwas ne, ranar da ta karɓi digirin farko ya ƙare. Masu tsarin 4+1 suna iya neman gurbin aikin mataimaki a shekara ta biyar, amma ba a yi musu alkawari ba, za su yi takara da sauran. Kiredit 12 za a lissafa mata. Na ce ko in rubuta wa makarantar da kaina in tambaya?

Lauya_Bashir: Alhaji za su amsa maka tambaya ta gama-gari, amma abin da ya shafi fayil ɗinta ba za su faɗa maka ba sai da izininta a rubuce. Akwai dokar FERPA ta 1974, da zarar yaro ya shiga jami'a haƙƙin bayanansa ya koma hannunsa. Ta cike fom ɗin izini in kana so a yi magana da kai.

Malama_Ohio: To Alhaji, "suna iya nema" ba "za a ba su" ba ne. Shawarata ta nemi 4+1 ɗin, tunda neman ba ya ɗaure ta, ta ɗauki darussan a aji huɗu ta ɗanɗana. A lokaci guda, wajen Disamba zuwa Janairu na shekarar ƙarshe, ta nemi wasu jami'o'i uku ko huɗu masu shekara biyu da cikakken tallafi. Wajen Fabrairu da Maris ake kiran su ganawar guraben aiki. Zuwa Afrilu duk tayin na gabanta, sai ku zauna da alƙalami. Ta dai tambaya tun yanzu a rubuce: in ta fasa, kiredit 12 ɗin nan za su ci gaba da zama cikin digirinta na farko? Kuma ta sani, darasin da aka riga aka lissafa a digirin farko, wata jami'ar da wuya ta karɓe shi a mastas.

Sadiq_4plus1: Wannan na yarda da shi. Sai dai a ƙara da cewa aji huɗu da darussan mastas da aikin RA da cike fom ɗin wasu makarantu, duk a shekara ɗaya, nauyi ne ba na wasa ba. Ni a zangon da na haɗa biyun sai da na ajiye aikin da nake yi a laburare.

Dan_Registry: Ƙari ɗaya in tana da niyyar dawowa. Duk wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa, kuma in bai kai shekara 30 ba lokacin da ya gama digirin farko, bautar ƙasa na kansa. Ba tare da takardar NYSC ba babu aikin gwamnati. Ta tabbatar makarantar za ta ba ta shaidar digirin farko daban da ta mastas, kowace da ranarta, domin wasu jami'o'in a tare suke bayar da su a ƙarshen shekara ta biyar.

Ummu_Sumayya: Har yanzu dai ba a amsa min maganar zaman ta ita kaɗai ba. Shekara biyar ta zama shida, shida ta zama aiki, yaushe za ta dawo gaban iyayenta?

Hajjo_Zazzau: Ummu Sumayya, wannan tsakaninta da iyayenta ne, su suka san tarbiyyar da suka ba ta. Ni tambayata ga Alhaji ita ce, an tambaye ta me ya ja ta ga aikin? Ba a ce ta ga wani abu a hawan nan da take kula da shi ba?

Abban_Yara_Gwale: Hajiya na tambaye ta. Ta ce akwai wata yarinya 'yar Nepal a hawanta da ta haɗa kaya za ta koma gida a wata na biyu, ba ta gane komai a aji kuma kunya ta hana ta tambaya. Ita ta riƙa raka ta wajen mai ba da shawara da cibiyar koyon rubutu, yanzu yarinyar tana aji biyu. Ta ce tun da ta je ƙasar ba ta taɓa yin abin da ya faranta mata rai kamar wannan ba. Mahaifiyarta dai har yanzu tana kan bakanta na fannin lafiya, ni kuma kuɗin shekara ta biyar ne ke hana ni barci, da canjin dala yadda yake. Malama, in ba damuwa ki turo min sunayen jami'o'in da kika san suna ba ɗaliban waje cikakken gurbin, in tura mata.

Zainab_ISS: Malama in za ki tura, ki ware waɗanda gurbinsu ke haɗawa da inshorar lafiya. Ɗaliban waje dole ne su yi ta a yawancin makarantu, kuma ba kowane tallafi ke ɗaukar ta ba.

Danladi_Tech: Ni dai ina nan a kan ra'ayina. Ko da za ta yi wannan ɗin, ta haɗa da darussan nazarin alƙaluma a aji huɗu. Jami'o'in ma suna neman masu iya wannan.